Lodin Injin Inna Ramatu

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kaya suka wayi gari sun yi tsada a Kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui, ita ce shekarar da na fara kama igiya. Ban manta ba, saboda a lokacin ne 'yan kasuwa suka daina ɗaukar mota biyu, kowa yana so a cusa masa kayan mota biyu a cikin ɗaya. Masu lodi suka yi daraja. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko, babban mai lodi na garejin da ke bayan kasuwa, ya ce masa, "Ga Iliya nan. Ba ya sauri, amma ba ya gajiya." Baba Tanko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Irinsa nake nema."

Ku samarin da ke zama a bakin garejin nan kuna latsa waya, ku nake rubuta wa wannan. Kullum kuna cewa lodi aikin ƙwanji ne, ɗauki ka jefa, ja igiya ka karɓi ladanka. Na sha ba ku amsa da baki, ba ku tsayawa ku ji ƙarshe. Yanzu da nake zuwa ajin manya da yamma, hannuna ya fara sabawa da biro, sai na ce bari in zauna in rubuta a tsanake.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni sauke kaya ne, kuma na daɗe a kansa. Duk motar da ta iso daga Douala, ni ne a sama ina kwance igiya. Idan na buɗe tampol sai ya tsaya a ƙasa yana tambaya: me ya fashe, me ya jiƙe, me ya lanƙwashe, kuma me ke kusa da shi? A haka na gane cewa kaya sun fi fashewa a inda aka bar musu sarari. Abin da ya samu wurin motsi a hanyar Bouar, kafin ya zo Bangui ya gama kansa ya gama maƙwabcinsa. Na gane cewa sabulu ba ya kwana kusa da shinkafa, kananzir ba ya shiga mota ɗaya da garin rogo da muke kira gozo sai da shinge mai kauri, gishiri ba ya zama a ƙasan mota da damina. Goro kuwa shi ne sarkin shagwaɓa. Idan ka matse huhunsa zai yi zafi ya ƙone, sai ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, rana ba ta duka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai igiya mai kauri ta ɗaurin ƙarshe, da robar tsohuwar taya da muke yankawa siri-siri don ƙananan ɗauri, saboda ita tana bin kaya idan sun zauna. Akwai ƙugiya ta jan buhu, da guntayen katako na toshe ƙafa, da tsofaffin kwalaye, da gammo, da tampol. Sauran duk a ido yake. Baba Tanko ba ya taɓa kaya sai ya zagaya su sau da yawa, hannuwansa a baya, yana magana shi kaɗai. Mai kaya yana huci, direba yana danna oda, shi ko a jikinsa. Abin da zai ce kawai, da yaren Sango, shi ne, "Yeke-yeke." Wato a hankali. Yana so ya san wa zai fara sauka a hanya, don kayansa su ne za su shiga a ƙarshe. Yana so ya san me ke da nauyi, don ya kwanta a ƙasa, a kan ƙafafun mota. Sai ya gama loda motar a cikin kansa kafin ya ce a ɗaga buhu ɗaya.

Yana da wata al'ada da duk garejin ya sani. Ranar da zai bar ka ka yi lodi kai kaɗai, sai ya faki idonka ya cusa ɗanyen ƙwai a wani wuri cikin kayan. Direba ne kaɗai zai san inda yake. Idan mota ta kai Mbaïki ƙwan bai fashe ba, ka zama mai lodi, sai ya saya maka igiyarka. Nawa na farko ya fashe a cikin dilar atamfa, na biyu ya fashe tsakanin jarkoki. Na uku ne direba ya dawo da shi a aljihun riga yana dariya. A ranar matar Baba Tanko, Inna Ramatu, ta dafa mini shi, ta ce in ci a gabanta.

Inna Ramatu tana da injin niƙa a zauren gidansu. Rabin unguwarmu da matan unguwar Miskine a wurinta suke niƙa rogo da masara, kuma da ƙarar injin nan muke sanin gari ya waye. Da shi ta ciyar da gida duk lokacin da gareji ya yi sanyi.

Masu kaya iri-iri ne. Akwai wanda zai ce maka "ɗan kaya kaɗan ne," ka je ka tarar da gado da firji da akuya. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka aikinka. Direbobi ma haka. Wanda na fi daɗewa da shi wani mutumin Bamenda ne, Ngwa, gajere mai babbar murya, wanda Hausarsa ba ta wuce ta ciniki da zagi ba. Duk abin da aka kawo, ko da mota ta cika ta batse, sai ya buga gefen bodi ya ce, "Sikwiz in! Sikwiz in!" Turancinsu ne na a matsa abu ya shiga inda ba wuri. Har yau a garejin nan idan mutum bakwai za su zauna a bencin mutum huɗu, abin da ake faɗa ke nan. Shi Ngwa yana ganin faɗar ita ce aikin. Baba Tanko yakan ce masa, "Kai ka faɗa da baki, mu za mu faɗa da baya."

Mummunar shekararmu ita ce ta rikici, lokacin da mutane suka riƙa barin Kilomita Biyar a manyan motoci. Ba zan tsaya a kanta ba, iyayenku sun ba ku labari. Ta fuskar sana'a dai, ban taɓa yin lodi marar kyau irin na lokacin ba. Ba zagaye, ba yeke-yeke, jefawa kawai ake yi mutane su hau kai. Mota ɗaya ce na ga an loda ta bisa ƙa'ida, ita ce wadda Baba Tanko ya fita da iyalinsa da wasu maƙwabta. Ya kwance injin Inna Ramatu da hannunsa, ya kwantar da shi a bayan kan mota, sannan aka ɗora sauran kaya. Lodinsa na ƙarshe ke nan. Ya rasu a Garoua-Boulaï, garin bakin iyaka inda suka sauka, Allah ya jiƙansa. Ni na zauna a unguwa, na koma tura pus-pus, wato kurar ɗaukar kaya, da ɗan abin da ya samu.

Lodin da nake so in ba ku labarinsa shi ne na dawowa. Da hanya ta fara daidaita, gidaje bakwai na layinmu da ke Garoua-Boulaï suka haɗa kai suka ɗauki motar Ngwa, suka aiko a kira ni. Inna Ramatu ce ta ce ba wanda zai taɓa mata kaya sai wanda maigidanta ya koyar. Na bi wata mota na tafi.

Na tarar da kaya sun haihu. Mutanen da suka fita da ƙullin tsumma sun tara katifu, bokitai, tukwane, kekuna, kujerun roba, har da kaji. An haifi yara, an yi aure. Kayan sun cika fili kamar ranar kasuwa. A lokacin motoci ba sa tafiya su kaɗai, sai a ayari tare da rakiya, kuma ayarin ranar zai tashi bayan azahar. Wanda ya rasa shi sai ya jira na gaba, alhali mutanen nan duk sun mayar da makullan ɗakunan haya.

Na fara da sassafe. Na tambayi Inna inji, ta ce yana wurin wani mai niƙa da ta ba aro a wata unguwa, an tafi ɗaukowa. Na bar masa wuri a bayan kan mota, daidai yadda na san shi. Rana ta ɗaga ba inji. Ngwa ya fara ihu, maza suka ce a cike wurin, idan ya zo a san yadda za a yi. Aka cike. Mota ta yi tozo, na ja igiyar farko. Sai ga pus-pus biyu sun shigo fili da inji, kuma ba yadda na san shi ba. Inna ta sa an yi masa sabon gindi na ƙarfe, an ƙara masa babban mazurari.

Ngwa ya zagaya shi ya ce, "A ɗaura shi a sama. Sikwiz in!"

Na ce, "A sama ba ya hawa. Gangaren Bouar zai kwantar da mu gaba ɗaya, da mutane a kai."

"To a bar shi, wani zuwan in ɗauko."

Inna Ramatu ba ta yi musu da kowa ba. Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna a gefen injin, ta ɗora hannu a kansa. Ta ce, "Ku sauka lafiya. Ku gaida mutanen unguwa."

Azumi mai tuwo, maƙwabciyarta tun a gida, ta ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Magana ce ta gaskiya. In koma in zauna a zaure ina kallon bango? Da shi na fito, da shi zan koma. Iliya, sauke mini ƙullina."

Duk wanda ya san ta ya san ba wasa take yi ba. Jikokinta suka fara kuka.

Na sa hannuwana a baya na zagaya motar. Na sake zagayawa. Ngwa yana bina yana nuna mini rana. Abin da nake gani shi ne motar ta cika, amma rabinta iska muka loda. Kowane gida ya ɗaure tukwanensa dabam, bokitansa dabam, kujerunsa dabam. Tukunya bakwai manya, kowace da cikinta fanko ko da ɗan kwano ɗaya. Firji biyu ba komai a ciki. Duro uku, su ma haka. Ni na sani tun da safe, amma mace ba ta yarda a kwance mata ƙullin kayan girki a bainar jama'a, balle a haɗa su da na wata, kuma da safe ba abin da ya tilasta.

Na ce, "A sauke duka."

Fili ya ɗauki hayaniya. Ngwa ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Na bari suka gama, sannan na je wurin matan na durƙusa. Na ce, "Iyayena, yayyena, wurin injin Inna yana cikin tukwanenku. Idan kun yarda babbar tukunya ta haɗiye ƙarama, ta gidan wannan ta shiga ta gidan wancan, zai shiga. Idan ba ku yarda ba, ba ni da wata dabara."

Azumi ta riƙe ƙugu ta ce, "Iliya, tukunyata ta kwana a cikin ta Hajiya Kulu? Wadda ba a kankare gindinta tun da muka zo garin nan?"

Hajiya Kulu ta ce, "Taki da ke yoyo fa? Ai rufin asiri za ta samu."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, "To in mun isa, wa zai san nasa? Duk a kasuwa ɗaya muka saye su."

Wata amarya ce a cikinsu ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar jan farce. Ta ce kowane gida ya zaɓi alamarsa: wannan ɗigo ɗaya, wannan biyu, wannan layi, wannan zobe. Azumi ta karɓe kwalbar ta ce ita ce shugaba. Suka kori maza gefe, suka kewaye kayan da zannuwa, suka kwance ƙulle-ƙullensu. Ni dai ina jin ƙarar ƙarfe da shewa. Da suka buɗe, tukwanen gida bakwai sun koma tsibi biyu, bokitai sun zama sanda ɗaya doguwa, kwanuka sun shige cikin juna da tsummoki a tsakani. Ko Baba Tanko bai fi haka iyawa ba.

Maza suka ga mata sun wuce su, sai kowa ya tuɓe riga. Muka sauke motar har ƙasa. Na karɓi sifana a wurin Ngwa na raba injin gida huɗu: kai, da gindi, da mazurari, da bel. Kan injin ya kwanta a bayan kan mota bisa tsohuwar taya, na toshe shi da katako ta kowane gefe har ya zama ko ka hau kansa ka yi tsalle ba ya motsi. Gindin ƙarfen na kifa shi a kansa kamar tebur, buhunan masara suka shiga tsakanin ƙafafunsa. Mazurarin na miƙa wa Inna na ce ta cika shi da tufafi, ta cika ta ɗaure bakinsa da kanta. Firji suka cika da zannuwa da kwanukan tangaran. Duro suka haɗiye takalma da tabarmin roba. Kujerun roba suka hau kan juna. Kekuna muka cire musu ƙafa, muka juya kawunansu, suka kwanta a jikin bodi kamar faranti.

Katifu su ne suka fi ba da dariya. Katifar soso sai an naɗe ta, ƙarti uku sun zauna a kai, sannan a zagaye ta da roba. Wani liman da ke cikin tafiyar, mutum mai jiki, ya ce a bar masa wannan aikin. Duk katifar da ya zauna wa sai ta koma kamar matashi. Yara suna tafi suna cewa, "Sikwiz in, Malam! Sikwiz in!" Ngwa da kansa ya daina fushi ya hau sama yana karɓar kaya.

Jarkokin da ba komai a ciki muka zura su a igiya muka rataya a waje. Kejin kaji ya hau can sama inda iska take, kusa da wani ɗan huhun goro da Hajiya Kulu ta saya don rabon isowa. Na shimfiɗa katifun da suka rage a tsakiya, na yi wa tsofaffi da masu goyo gurbi mai bango ta kowane gefe. Na ja igiyar ƙarshe ana kiran azahar. Motar ta fi ta safe gajarta, ga inji a cikinta.

Na je wurin Inna na ce, "Inna, kujerarki ce kaɗai ta rage a ƙasa."

Ta tashi ta miƙo mini ita. Ta ce, "Ka cika surutu. Ɗaga ni."

Mun sami ayarin a wutsiyarsa. Hanya kun san ta. A gangaren Bouar na sauko daga sama na tsaya a matakalar ƙofa ina kallon kaya, ba abin da ya karkata. Duk inda aka tsaya sai in bi igiyoyi in ƙara ja, domin kaya suna zama kamar yadda tuwo ke zama a ciki. A Boali wata kaza ta sami kafa ta yi tsalle, muna ji muna gani ta shige ciyawa. Azumi ta leƙa ta ce, "Ki gaida dangi!"

Da muka shigo titin Koudoukou mata suka fara guɗa tun daga saman mota. Mutanen layi suka fito, har da wasu tsofaffin maƙwabta daga Miskine da suka ji labari. Wata tsohuwa a cikinsu ta rungume Inna tana cewa, "Singila, singila," wato godiya da Sango, tana tambaya ko an dawo da inji, don ta gaji da daka.

Wurin rabon tukwane ne aka gano abin da ba wanda ya tuna. An yi wa tukwane alama, ba a yi wa marafansu ba. Aka zube marafai a tabarma, kowace tana gwadawa tana rantsuwa. Har yau a layinmu akwai tukunyar da ke dafa abinci da marfin gidan maƙwabta, kuma idan Azumi da Hajiya Kulu suka haɗu a biki sai an tayar da maganar.

Ina haɗa injin a zaure sai Inna ta ce in kwance bakin mazurarin a gabanta. Na fara zaro tufafi. A tsakiya, cikin wata tsohuwar hular Baba Tanko, na ji abu mai sanyi. Ɗanyen ƙwai ne, ko tsaga babu.

Na ce, "Inna, ai na ci wannan jarrabawar tun ina saurayi."

Ta ce, "Waccan ta Mbaïki ce, nan kusa. Kawo in dafa maka."

Washegari da safe ƙarar inji ta tashe layinmu, mata suka jeru da kwanukan rogo har bakin titi.

Ga abin da aka rasa a wannan tafiya: kaza ɗaya, kofin shayi uku, kwalbar manja da ta tsiyaye a cikin duro, takalmin Ngwa ƙafar hagu, da marfin tukunya biyu da har yau ba a san inda suka shiga ba.